Yadda Ake Haɗa Kan Jirgin Shantin Mai Moto da Bulon Roba

A kowace babbar tashar jirgin ƙasa akwai wani gajeren kan jirgi da ba ya tafiya ko'ina. Aikinsa shantin ne: ya janyo tarago daga wannan layi, ya tura shi wancan, ya jera na auduga wuri ɗaya, na gyaɗa wuri ɗaya, har jirgin ya haɗu, sannan babban kai ya zo ya ɗauka ya kama hanya. Tun 1929 da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, irin wannan aiki na jera taragu ake yi a tashoshinmu, da farko da kawunan gawayi, kafin na dizal su fara shigowa Najeriya a wajajen 1955.

Wanda ke son haɗa jirgi mai tafiya da kansa da bulon roba, irin na LEGO ko makamantansa, ina ba shi shawara ya fara da kan shantin. Gajere ne, ba ya cin bulo da yawa, kuma tabarma ɗaya ta ishe shi wurin aiki. Amma yana da sharaɗi guda da ba a sassauta shi: dole ya iya rarrafe a hankali yana jan kaya ba tare da ya yi tsalle ko ya cije ba. Kan shantin da ke fita a guje kamar ɗan acaɓa bai haɗu ba, ko da kuwa jikinsa ya yi kyau. Saboda haka daga ƙasa za a fara, daga taya da giya. Jiki shi ne na ƙarshe.

Zaɓen kan da za ka kwaikwaya

Tsofaffin kawunan shantin na dizal kashi biyu ne a wajen mai haɗawa. Akwai na Amurka, irin EMD SW1 mai ƙarfin doki 600 da ALCO S-2 mai ƙarfin doki 1,000, waɗanda ke zaune kan ƙafafu biyu masu juyawa, kowace da tayoyi huɗu. Akwai kuma na Turai masu tayoyi shida a firam ɗaya, an haɗa su da sandar ƙarfe daga waje, irin V 60 na Jamus da Class 08 na Ingila. Akwai ma wani ɗan ƙarami na kamfanin GE mai nauyin tan 44 da ɗakin direba a tsakiya, wanda aka tsaida nauyinsa haka da gangan, domin yarjejeniyar ma'aikata ta 1937 a Amurka ta ce kan da ya kai tan 45 sai an sa masa mutum na biyu.

Na Amurka sun fi sauƙi, tunda akwai moton jirgi da ake sayarwa haɗe da tayoyinsa, sai dai ka manna shi a ƙasa. Matsalarsa gudu: don jirgi mai gudu aka yi shi, idan ka rage masa wuta sosai ƙarfinsa ya tafi. Ni Class 08 na fi so, kuma da shi zan yi misali. An ƙera 996 daga 1952 zuwa 1962, injinsa na English Electric ne mai ƙarfin doki 350, kuma yawancinsu ba sa wuce mil 15 a awa. Jikinsa kusan akwati ne, dogo kuma mai faɗi, wanda ke ba ka wurin ɓoye batir. Sannan sandar nan da ke hawa da sauka a gefen tayoyi ita ce ke sa duk wanda ya gani ya tsaya kallo.

Idan kuma wanda ka taɓa gani a tashar Gusau ko ta Zariya kake so, sai ka nemi hotunansa ta gefe, ta gaba da ta baya. Kada ka shiga harabar tasha kana ɗaukar hoto ba tare da izinin ma'aikata ba. Mafi alheri ma ka nemi wani dattijo da ya yi aikin reluwe, ka gaishe shi da kyau, ka ce, "Baba, yaya ake jera taragu a zamaninku?" Abin da zai gaya maka game da inda mai haɗa taragu ke tsayawa da inda yake riƙewa, babu hoton da zai nuna maka shi.

Awo kafin a taɓa bulo

Lambobi kaɗan ne, amma sai ka haddace su. Daga maɓalli zuwa maɓalli, wato 'yan kawunan nan da ke saman bulo, milimita 8 ne. Tsayin bulo ɗaya milimita 9.6. Siririn falle milimita 3.2, wato falle uku bulo ɗaya ke nan, falle biyar kuma daidai suke da maɓalli biyu. Wannan na ƙarshe zai dawo mana a wajen giya.

Tsakanin ƙarafan layin wasan kusan milimita 37.5 ne. Yawancin jiragen da kamfani ke sayarwa faɗinsu maɓalli 6 ne, amma ga kai mai moto a ciki, faɗin maɓalli 8 ya fi. Faɗin Class 08 kusan mita 2.6 ne, maɓalli 8 kuma milimita 64, ka ga an rage shi sau 40 ke nan. Daga nan komai sai ka raba da 40. Tsawonsa kusan mita 8.9, zai ba ka maɓalli 28. Tsayinsa daga layi kusan mita 3.9, bulo 10 ke nan. Faɗin tayarsa mita 1.37, zai ba ka milimita 34, babbar tayar jirgi ta LEGO kuwa kusan milimita 30 ce, ta yi kusa. Daga aksil na farko, wato sandar da tayoyi ke juyawa da ita, zuwa na ƙarshe mita 3.5, wato maɓalli 11, amma za mu yi 10 don ramukan sanda su dace.

Ga wani abu da ya shafe mu. Layin da ya zo Ƙaura Namoda siriri ne, milimita 1,067, ba irin na Abuja zuwa Kaduna ba mai 1,435 da aka buɗe a 2016. Idan ka ce sai ka bi awon tsohon layinmu daidai a kan layin wasa, ragin zai koma kusan sau 28, kan jirgi mai faɗin mita 2.6 zai kai maɓalli 11. Zai yi kyau ƙwarai, jiki ya rufe tayoyi kamar yadda muka saba gani, amma zai ci bulo kusan ninki biyu ko fiye, ga nauyi. A aikin farko ka tsaya a 8, ka ba shi launin da kake so.

Ka zana shi a takarda mai gidaje, kowane gida maɓalli ɗaya. Mai kwamfuta zai iya sauke manhajar Studio ta BrickLink, kyauta ce, tana barin ka haɗa komai a allo ta kuma ƙirga maka kayan da kake bukata. Sai dai ba za ta gaya maka ko giya za ta cije ba. Wannan sai hannu.

Kayan wuta

Tsari biyu za ka tarar. Tsohon shi ne Power Functions, wanda LEGO ta daina yi, amma kamfanonin Sin suna yin masu shiga da shi, kuma su suka fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi idan ka yi oda ta intanet. Kana bukatar akwatin batir, moto matsakaici ko babba, da abin karɓar umarni da rimot. Na asali da haske yake aiki irin na rimot ɗin talabijin, don haka hasken rana a tsakar gida yana rikita shi. Ka tabbata rimot ɗin mai ƙara gudu mataki-mataki ne, ba mai kunnawa da kashewa kawai ba.

Sabon shi ne Powered Up da ya fito a 2018, mai aiki da Bluetooth. Akwatinsa ya haɗa batir da mai karɓar umarni wuri ɗaya, faɗin maɓalli 4, tsawon 8, yana cin ƙananan batura shida. A nan akwai tarko: rimot ɗinsa yana ba da gudu mataki-mataki ne idan moton jirgi ka jona, amma idan moton Technic ne, wato na sashen LEGO mai giya da aksil, muddin ka danna zai tashi da dukkan ƙarfinsa, ka saki ya tsaya. Maganinsa ko dai ka tuƙa da manhajar waya, ko ka sa wa akwatin manhajar Pybricks, wadda ke barin ka rubuta ɗan gajeren umarni da harshen kwamfuta na Python ka tsara matakan gudu yadda kake so. Ɗalibin da ya taɓa karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ba zai sha wuya da shi ba.

Batura masu caji sun fi dacewa. Guda shida suna ba da bolt 7.2 maimakon 9 na batir ɗin yarwa, kuma ragin nan bai cutar da kan shantin da kome ba, tunda ba gudu muke nema ba. Ƙaramar sola ta isa ta cika su.

Firam da tayoyi

Ɗauki dogayen bulon Technic guda biyu, masu ramuka a gefe, na maɓalli 16. Ka jera su gefe da gefe da tazarar maɓalli biyu a tsakani, faɗin duka ya zama 4, ka ɗaure su da falle sama da ƙasa a can ƙarshensu. Tazarar nan ta tsakiya ita ce gidan giya. Zura aksil uku masu tsawon maɓalli 6, tsakanin kowane da na kusa da shi maɓalli 5.

Tayoyin gaba da na baya su zama masu leɓe, wato masu bakin da ke kama layi. Na tsakiya kuwa marasa leɓe. Dalili shi ne kwanar layin wasa tana da tsauri: sandunan layi 16 masu lanƙwasa ne ke yin da'ira, nisan tsakiyarta zuwa layi maɓalli 40 kacal. Firam mai tayoyi shida duk masu leɓe ba zai iya shan wannan kwana ba, zai hau layi ya sauka. Mara leɓe a tsakiya yana zamewa gefe ya ba da hanya.

Kada ka matse taya jikin firam. Ka bar ɗan sarari kamar kaurin takarda. Ka ɗora firam ɗin a layi ka tura da yatsa: ya kamata ya gangara da kansa ɗan nisa kafin ya tsaya. Idan bai yi ba, kada ka wuce wannan mataki.

Sandar haɗa tayoyi

A nan mafi yawan masu farawa ke karaya, alhali ƙa'idar ɗaya ce. Kowace babbar taya tana da ramin fil a gefe, nesa kaɗan da tsakiya. A ɓangaren dama, ramukan tayoyi uku duk su kalli sama, kamar ƙarfe 12 a agogo. A ɓangaren hagu, duk ukun su kalli gaba, kamar ƙarfe 3. Wato ɓangare ɗaya ya riga ɗaya da rubu'in juyi. Aksil ɗin mai siffar gicciye ne, don haka rubu'in yana zuwa da kansa, kai dai ka lura kada wata taya ta saɓa wa 'yan'uwanta.

Me ya sa? Idan sanda ta zo daidai da layin aksil, a wannan lokacin ba ta iya tura taya gaba ko baya, ta mutu na ɗan ƙiftawa. Idan ɓangarorin biyu suka mutu tare, wata taya na iya juyawa baya, komai ya cije. Amma da rubu'in nan, duk sanda ɗaya ta mutu, ɗayar tana kan ganiyar ƙarfinta. Haka ainihin jiragen suke tun zamanin gawayi.

Don sandar kanta, siraran sanduna biyu masu rami shida sun fi guda ɗaya mai kauri mai rami 11. Su haɗu a fil ɗin tayar tsakiya, ɗaya bisa ɗaya. Ka yi amfani da fil mai santsi, wanda a kayan LEGO yakan zo da ruwan toka, ba baƙi mai kamawa ba. Baƙin fil guda ɗaya ya isa ya rage ƙarfin motonka. Bayan ka sa, juya aksil ɗaya da yatsu biyu, zagaye goma gaba, goma baya. Idan akwai wurin da kake jin ya yi tauri a kowane zagaye, to wata taya ba ta zauna daidai ba, ko sanda tana gogar wani abu. Ainihin Class 08 firam ɗinsa a waje yake, tayoyi a ciki, amma wannan sai a aiki na biyu.

Giya

Yanzu lissafin gudu. Mil 15 a awa kusan mita 6.7 ne a daƙiƙa. Raba da 40, ka samu santimita 17 a daƙiƙa. Kewayen tayarmu kusan milimita 94 ne, ke nan tana bukatar juyi 110 ko ƙasa da haka a minti. Moto matsakaici na Power Functions yana juyi kusan 400 a minti idan ba kaya. Dole a rage shi sau uku zuwa huɗu, kuma duk abin da ka rage a gudu yana dawo maka a ƙarfin ja.

Hanya mafi sauƙi matakai biyu ce. Moto ya kwanta a saman firam yana kallon tsawon jirgi, da giya mai haƙori 12 a bakinsa. Ita ta juya mai haƙori 20 da ke ƙasanta a kan wani aksil da ya bi tsawon firam. A ƙarshen wannan aksil sai wata mai haƙori 12 mai gefen tudu, ta ci da mai haƙori 20 da ke kan aksil ɗin taya, ta karya juyin zuwa gefe. Ragin duka kusan sau 2.8. Da batura masu caji da nauyin taragu, zai sauko daidai inda muke so. Idan kana son ya ƙara sanyi, maida matakin farko haƙori 8 da 24, ragin ya kai sau 5.

Duk waɗannan ma'aurata, 12 da 20, 8 da 24, 16 da 16, tazarar tsakiyarsu maɓalli biyu ce. Ka tuna falle biyar? Idan ka ɗora bulon Technic bisa wani da falle biyu a tsakaninsu, ramukansu sun yi maɓalli biyu cif. Falle ɗaya ya ragu ko ya ƙaru, giya ko ta matse ko ta riƙa tsallake haƙori.

Abu biyu zan nanata. Kowace giya ta samu madogara ta ɓangarori biyu, kada a bar ta a bakin aksil tana lilo, domin da kaya ya yi nauyi za ta ture kanta, ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Sannan ka kulle bulon da ke riƙe moto da wanda ke riƙe aksil da sandar Technic a tsaye, da fil sama da ƙasa, don ƙarfin giya yana ɓamɓare bulo daga bulo sannu a hankali. A kan aksil ɗin taya kada ka wuce mai haƙori 20, babba tana iya taɓa layi a mararraba. Giya mai kama da dunƙulen sukuru tana rage gudu sosai a mataki ɗaya, amma tana ɓarnar ƙarfi, kuma ba a iya tura jirgin da hannu idan a kashe yake, yaro ya tura da ƙarfi haƙori ya karye. Ban cika son ta ba.

Aksil mai tayoyi masu leɓe za ka ba wuta, na wajen ɗakin direba, ka sa musu zoben roba a cikin kwarminsu. Sauran biyun sanda za ta ja su. Ka ɗora akwatin batir a kan firam haka nan tsirara, ka ɗaure da roba, ka haɗa taragu biyar ka gwada gaba da baya, a kwana da mararraba. Sai ya wuce wannan jarrabawa za ka fara jiki.

Jiki

Shimfiɗa falle mai faɗin 8 a matsayin dandamali, ka bar rami inda giya ke wucewa. Batir ya zauna cikin bonet a kan tayoyi, don nauyinsa ya danne su. Moto ya shige wajen ɗakin direba. Bangon bonet ka yi shi da falle masu santsi da aka kafa a tsaye ta amfani da bulo mai maɓalli a gefe, su za su ba ka kamannin ƙofofin inji. Gaba lagireto ne, falle masu tsagi-tsagi sun wadatar. Rufin bonet kada ya kama da maɓalli fiye da huɗu, don ka iya ɗagawa ka canza batir, kuma ka bar hanyar da yatsa zai kai ga madannin kunnawa.

Abin da ke sa a gane kan shantin shi ne ƙananan kaya: matakala a kusurwa, ƙarfen riƙewa, tankin mai, akwatunan gefe, fitilu, da zanen baƙi da rawaya a goshi da ƙeya wanda aka riƙa yi musu a Ingila don ma'aikata su hango su. Kore da rawaya irin na reluwen Najeriya ma yana karɓarsa. Maganaɗisun haɗa taragu ka kafa shi a firam, ba a jiki ba, kuma ya iya juyawa hagu da dama, in ba haka ba zai fizge tarago daga layi a kwana.

Bulon jiki ba sai sabo ba. Buhunan kayan wasa na gwanjo sukan zo da shi a gauraye, ka zauna ka tsince. Wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke-wanke, ka shanya a inuwa. Amma giya, aksil da tayoyi, ka sayi masu kyau, don aksil mai ɗan lanƙwasa ba ya gyaruwa.

Ƙura da zafi

Rana tana sa farin bulo da ruwan toka su koma rawaya, zafin cikin mota a watan Afrilu kuma na iya lanƙwasa dogon falle. Babbar abokiyar gaba dai ƙurar hunturu ce. Kada ka sa man inji ko giris a giya, ƙura za ta manne ta zama kamar yashi tana cin haƙora, wasu mayukan ma suna lalata robar. Ka bar su a bushe, ka riƙa sharewa da tsohon buroshin haƙori, ka cire zare da gashin da ke naɗewa a aksil. Idan tayoyi suka fara sulɓi, goge zoben roba da layi da ɗanyen tsumma. Bayan wasa ka cire batura, ka rufe jirgin a roba mai murfi. Gidan da ke da masu rarrafe a kula da ƙananan kaya, musamman maganaɗisu, haɗiye shi haɗari ne babba da ke bukatar asibiti nan take.

Filin aiki

Da'ira ba ta nuna gwanintar kan shantin. Ka shimfiɗa layi ɗaya da mararraba biyu, ya rabu gida uku: ɗaya mai ɗaukar taragu biyar, biyu masu ɗaukar uku-uku. Wutsiyar da kan ke ja baya a kanta ta ɗauki shi da taragu uku kacal. Wannan shi ne tsarin Inglenook da wani Bature mai suna Alan Wright ya shahara da shi. Taragu takwas ake zubawa, kowane da lamba ko launi. A rubuta lambobin a takardu, a zaɓi biyar ido rufe, sai direba ya jera waɗannan biyar a dogon layin bisa tsarin da suka fito, ba tare da ya ɗaga ko ɗaya da hannu ba. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Don raba maganaɗisu, siririn tsinke ko falle mai santsi ya isa a zura tsakaninsu. Mutum biyu suka fi dacewa da shi, ɗaya na riƙe da rimot, ɗaya na canza layi yana raba taragu yana ba da alama da hannu. Idan taragunka ba su wuce maɓalli 16 kowanne ba, wato sandar layi ɗaya, ka tanadi tsawon mita biyu da ɗan kai a ƙasa ko a kan katako.